Akwatin Gefen Tanki

Noelene ta gama tone ƙafar akwatin ta biyu ke nan, ta dafa shebur tana haki, sai ta hango ƙurar mota ta taso daga wajen ƙofar gona. Ƙarfe goma ba ta ma cika ba, alhali wasiƙar ofishin yanayi ta ce sai sha biyu ma'aikaciyarsu za ta iso.

"Clarrie, ga ta nan."

Mijinta yana zaune a kan jarka da sandarsa, yana ba da umarni kamar yadda ya saba. Ya dubi ƙurar, ya dubi farin akwatin ma'aunin zafi da ya karkace a gefen tankin ruwa, ƙafa biyu a waje, biyu a ƙasa.

"Ja shi mana! Ɗora a a-kori-kura, minti biyar mun kai shi fili."

"Kai tsohon nan, shekarata saba'in da huɗu. In kana da ƙarfin, bisimilla."

Maganar ba ta da tsawo. Tun 1931 mahaifin Clarrie Wendt yake auna zafin garinsu Kurrawin kowace safiya ƙarfe tara, a wani fili mai nisan taku ɗari uku daga gida. Clarrie ya gaje shi, bai taɓa fashin rana ɗaya ba. A Oktoban 2011 doki ya kayar da shi, ƙugunsa ya karye, kuma a watan ne ofishin yanayi ya aiko da sabon akwati. Maimakon a kafa shi a filin, sai ya sa aka kafa a gefen tanki, taku goma daga ƙofar kicin. Tsoronsa kada ofis ya ji ba ya iya tafiya, a kawo na'ura ta maye gurbinsa. Duk shekara takarda na zuwa da tambayar ko an matsar da akwati, duk shekara yana rubuta a'a ya sa hannu.

Motar ta tsaya. Wata matashiya ta fito da jakar kwamfuta tana korar ƙudaje daga fuskarta, ta ce sunanta Dimitra Halkias, daga ofishin yanayi. Idonta ya sauka a kan shebur, sannan a kan ramukan.

"Fenti za mu yi masa," in ji Clarrie tun ba a tambaye shi ba. "Makon jiya muka kawo shi nan. Wurinsa yana can fili."

Noelene ta dubi mijinta. Shekara hamsin da ɗaya da aurensu, ba ta taɓa jin ya yi ƙarya da baki ba, sai dai a takarda. Ta ce su shiga ciki, shayi ya yi.

Dimitra ta buɗe kwamfutar tsakanin butar shayi da farantin biskit. Layi biyu ne a kan allon, ja da shuɗi, suna tafiya manne da juna, sai can kusa da ƙarshe jan ya ɗaga ya rabu da ɗan'uwansa.

"Baba, shuɗin nan matsakaicin zafin wata-wata ne na tashoshi huɗu da ke kewaye da ku. Jan naku ne. Shekara tamanin kuna tafiya tare. Daga Oktoban 2011 naku ya hau da sama da digiri ɗaya, bai sake sauka ba."

"To duniya ce ke ɗumama. Ba ku ke faɗa a rediyo ba?"

"Tana ɗumama, Baba, amma ba a gonarka kaɗai ba, kuma ba a wata guda ba."

Noelene ta kusa yin dariya, ta haɗiye ta da shayi.

"Ba kama ɓarawo na zo yi ba," in ji Dimitra. "Ana matsar da akwatuna ko'ina. In mun san ranar da aka matsar da kuma yawan bambancin, sai mu daidaita lambobin, tarihin ya ci gaba a matsayin abu ɗaya. Amma in akwatin bai motsa ba, to matsalar daga mai karantawa ce. Wannan ba mu da yadda za mu gyara shi."

"Sai a yi yaya?" Noelene ta tambaya.

"Sai a zubar da shekara goma sha ukun, Mama, a cire Kurrawin daga jerin tsofaffin tashoshi. Yau nake rubuta rahoton."

Clarrie ya ajiye kofinsa. Noelene ta san abin da ke riƙe masa harshe. A mashayar gari akwai allon katako da aka ɗaure da kusoshin murɗawa a bango: digiri 48.9, Janairun 2019, rana mafi zafi a tarihin gundumar, C. Wendt ne ya auna. Duk baƙon da ya shigo garin sai Clarrie ya ja shi gaban allon nan. Ga alama ya gwammace a ce idonsa ya mutu da a ce allon ƙarya ne.

"Akwatin bai motsa ba," ya ce, yana kallon tebur.

"Clarrie."

"Mace, ki bar ni da baƙuwata."

"Aikin babanka za ka binne saboda guntun katako? Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"Na ce ki yi shiru!"

Ba ta yi shiru ba, tashi ta yi. Ta shiga ɗakin ajiya, ta ture kwalaben zuma, ta ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit ta dire a tebur. Ƙananan littattafai ne a ciki, irin na 'yan makaranta, goma sha uku cif.

"Tsohon akwatin babansa yana nan a fili, da ma'aunansa a ciki," ta ce wa Dimitra, don ba ta iya kallon mijinta. "Ni ke masa fenti. Kowace safiya in na ce zan duba kwamin ruwan tumaki, can nake zuwa. Ƙarfe tara, lokacin da shi yake karanta nasa."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin da aka kafa wancan. Tankin kwano ne, 'yar nan. In rana ta buge shi ko kare ba ya kwanciya a gefensa. Na faɗa masa sau ɗaya ya ce me na sani."

Dimitra ta fara buɗe shafukan a hankali, tana duba littafi tana duba allo.

"Mama, kin san abin da kika riƙe? Wuri biyu, lokaci ɗaya, shekara goma sha uku. Mu in mun samu na shekara biyu murna muke yi. Sai na gwada ma'aunan can tukuna, amma in suna da kyau, Kurrawin ba ta zuwa ko'ina."

Clarrie ya miƙo hannu. Bai faɗi wanda yake so ba, ita ma ba ta tambaya ba, ta zaro na 2019 ta ba shi. Ya sa tabarau, ya bi Janairu da yatsa har ya tsaya. A ranar nan 47.6 aka rubuta, ba 48.9 ba. Garin da ke maƙwabtaka da su ya taɓa auna 48.1, kowa a Kurrawin ya san wannan.

"Kin san wannan duk ranar da na tsaya a gaban allon?"

"Na sani."

"Kina gefena kina murmushi."

"Kana jin daɗi ne, Clarrie. Tun da dokin nan ya kayar da kai ban ga ka ji daɗin komai haka ba."

Ya rufe littafin. Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta mayar da gwangwanin inda yake, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Dimitra ta yi gyaran murya, ta ce akwai gurbi a takardar rahoton da ke buƙatar sunan mai auna tsohon wurin.

"Rubuta nata," in ji Clarrie. "Ita ke auna Kurrawin. Ni shekara goma sha uku zafin tanki nake aunawa."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya ja durowar da ke ƙarƙashin taga, ya daɗe yana lalube. Ya ɗauki hularsa daga ƙusa, sannan ya ajiye makullin mota a gaban Noelene ba tare da ya dube ta ba. A ɗaya hannun yana riƙe da sukudireba.

"In kin gama nuna mata filin, ki kai ni gari, akwai allon da zan sauke."