Turmin da Jatau Ya Fasa

"Baba Jatau, turmin Inna ne!" Ban rufe baki ba gatarinsa ya sauka, turmin ya rabe biyu.

"Kin daka dutse ciki, Lubabatu. Gobe ki daka gero ɗiyarki Amira ta sha? Ba ni bari."

Lokacin kowane gida a garinmu ana dakan dutsen zinariya. Jatau maƙwabcina ya binne jikoki uku a damina guda, aka ce gubar dalma ce da ke cikin ƙurar dutsen. Tun daga nan yake bi gida-gida yana fasa turame. Har bel ɗin injin niƙan Kamalu ya yanke da rana tsaka.

Kamalu ne ya kawo sunan da muka laƙaba wa Jatau. Wai a rediyo ya ji akwai irinsa a Turai, masu tsattsauran ra'ayin kare muhalli. Ya yi mana tsawo, muka mayar da shi Ɗan Muhalli. Ranar turmin ni ma na jefa masa sunan, da ƙarfi, gaban mata. Aka daina gaishe shi, har ni.

Shekara takwas Amira na girma lafiya, sa'o'inta da yawa suna ƙasa. Sai bana na tambayi Hayatu mai allura ma'anar sunan.

"Mutanen da ke fifita ƙasa da itace kan ɗan Adam, ko za su yi ɓarna."

Ban taɓa jin Jatau ya yi zancen itace ba.

Da ya kwanta ciwo na dama kunu na kai masa, da niyyar neman gafara. Ya leƙa kwanon.

"Cikin mi anka daka geron?"

"Sabon turmi, Baba."

"Amira hwa?"

"Tana makaranta."

"Madalla." Ya kurɓa sau biyu, barci ya ɗauke shi. Na ce a raina sai gobe. Kafin la'asar aka fara kuka a gidan.

Wurin zaman makoki wata ta ce, "Allah ya jiƙan Ɗan Muhalli."

"Jatau sunanshi," na ce.

Da yamma aka dawo mini da kwanon, kunun ya yi sanyi a ciki. Amira ta tsuguna bakin randa tana wanke shi.