Ƙirjin da Ya Yi Shiru

An sake shigo da wani kaskon turaren wuta ɗakin mai jego, kuma Ya Aisa ce kaɗai ta lura cewa 'yarta Zainaba ta daina amsa barka da baki, sai da ka. Ranar suna ce a unguwar Fezzan, a gidan Hajja Ammatullahi, uwar mijin Zainaba, matar da duk unguwa ta shaida ba mai haɗa turare irin nata. Tun cikin bai tsufa ba take jiƙa itacen nan saboda jikanta na fari. Wa zai ce mata ya isa haka? Hayaƙi ya taru a ƙasan silin, mata sai shigowa suke suna buɗe lafaya a kan kasko suna sambarka.

Zainaba na bakin gado cikin kwalliya, ta dafe gwiwoyinta, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ya Aisa ta san wannan zaman. Ta san shi tun yarinyar na firamare, lokacin da likita ya ce asma ce, ya ba su abin shaƙar nan da ake kira inhela. Kuma ita ce da hannunta ta zare shi daga akwatin Zainaba ranar da za a kai ta ɗakin miji. "Rabonki da ciwon nan an daɗe," ta ce mata a lokacin. "Kada mutane su ce mun kai musu majinyaciya." Ba don mugunta ta yi ba. A unguwar Lamisula inda take zaune, ta ga an fasa aure a kan abin da bai kai wannan ba.

Ta matso ta raɗa mata, "Tashi mu fita tsakar gida ki sha iska."

"Mama... za su... gane."

Daga nan sai kukan ƙirjin ya fito fili, siririn fito kamar na buta a kan wuta, har matan da ke bakin ƙofa suka yi tsit.

* * *

Mahfuz, mijin Zainaba, shi ya shigo da ita ɗakin gaggawa na asibiti a saɓe, uwarta da uwarsa na biye. Nas ɗaya ce ke kan aiki da ranar nan, wata doguwar mata mai suna Phebe. Ta jingina Zainaba a zaune, ta ɗaura mata robar oksijin a hanci da baki, ta maƙala mata ɗan abin awon iska a yatsa. Sai ta kafa wa ƙirjin ido tana ƙirga numfashi, tana duba agogon hannunta. Ba ta faɗi abin da ta samu ba, amma fuskarta ta faɗa.

"Mama, tana da asma? Ko ta taɓa yin irin wannan?"

Ya Aisa ta ji tsayuwar Hajja Ammatullahi a bayanta kamar zafin murhu.

"A'a, Sista. Mu ba mu da shi a dangi."

Phebe ta dubi Zainaba. Zainaba ta dubi uwarta ta saman robar, sannan ta rufe ido.

"To, da matsala," in ji Phebe. "Mai jego ce. Wani lokaci zuciya ce ke gaza wa mace bayan haihuwa, ruwa ya taru a huhu, shi ma haka yake kuka. In haka ne, maganin asma na iya wahalar da zuciyar. Sai likita ya gani, yana ɗakin tiyata." Ta tura Mahfuz ya je ya tsaya a ƙofar tiyata, ya tare likita da zarar ya fito.

Ba a daɗe ba aka shigo da mutanen da babbar mota ta buge a Keke Napep a hanyar Khaddamari, jina-jina, ana salati. Phebe ta zare abin awon daga yatsan Zainaba, don shi kaɗai ne a ɗakin gaba ɗaya.

"Mama, ke ce idona. Kada ki ɗauke ido daga ƙirjinta. In kin ga abin ya tsananta, ki ƙwala mini kira."

Ta wuce da gudu. Ba ta samu sukunin faɗa mata yadda tsanantar take ba.

* * *

Ya Aisa ta zauna tana kallon ramin wuyan 'yarta yana lotsawa yana dawowa. Tsoro ya cika ta. Ta yi wa kanta alkawari: da zarar Hajja ta tashi yin la'asar, za ta bi Sista ta raɗa mata gaskiya. Amma aka kira salla, Hajja ko gezau. Tana tsaye a ƙarshen gado rungume da jakarta, ita ma ƙirjin take kallo.

Can sai kukan ya fara raguwa. Ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, har ya ɗauke. Kafaɗun suka daina tsalle. Kan Zainaba ya langaɓe a kafaɗar uwarta.

"Alhamdu lillahi," in ji Ya Aisa. "Ya sake ta."

Haka ta saba gani tun yarinyar na ƙarama: in ta shaƙi magani, kuka ya ɗauke, barci ya zo, ta farka tana neman abinci. Ya Aisa ta manta cewa yau Zainaba ba ta shaƙi komai ba. Ta zare matashin da aka jingina ta da shi ta kwantar da ita, ta share mata gumi da gefen lafaya. Har wani daɗi ta ji a ranta da ba ta yi gaggawar tona asiri ba. Wata mai jinya a gadon kusa ta tambayi jiki, Ya Aisa ta ce da sauƙi, a rage murya, ta samu barci.

Da Phebe ta dawo tana cire safar hannu, turus ta yi.

"Wa ya kwantar da ita? Tun yaushe ta yi shiru?"

"Ai sauƙi ne, Sista. Kukan ya tafi."

Phebe ta ɗora abin sauraro a ƙirjin, ta matsar da shi, ta sake matsarwa. Ta duba faratanta, baƙin lallen suna ya rufe su. Ta ja leɓen ƙasa, cikinsa ya koma launin toka.

"Mama, iska ce ke yin kukan nan! In ya ɗauke haka, iskar ce ta daina shiga!" Ta juya ta ɗaga murya, "A kira likita! Yanzu!"

A nan ne maganar ta ƙwace wa Ya Aisa, da ƙarfin da har masu haɗarin suka waiwayo.

"Asma ce! Wallahi asma ce, tun tana ƙarama! Ku ba ta maganin!"

Phebe ba ta ko dube ta ba. Tuni ita da likita suka tura gadon, ƙofa ta rufe a bayansu.

* * *

Rana ta yi sanyi kafin Phebe ta fito ta same su a kan benci. Ta ce an sa wa Zainaba bututu a maƙogwaro, na'ura ce ke yi mata numfashi. Ta daɗe ba isasshiyar iska, don haka ko za ta farka, kuma a yaya za ta farka, likita ma bai sani ba. Mahfuz ya juya ya haɗa goshinsa da bango.

Ya Aisa ta sunkuyar da kai tana jiran abin da surukar 'yarta za ta ce. Ko zagi ne, ta shirya ɗauka. Sai ta ji ƙarar zif ɗin jaka. Hajja Ammatullahi ta ajiye wani abu a kan benci tsakaninsu. Inhela ce, bakinta har ya koɗe saboda amfani.

"Ta Aminat ce, autata," in ji Hajja, muryarta can ƙasa. "An sa ranarta bayan Salla, dangin mijin ba su sani ba. Ina jin kukan ƙirjin nan a gida na gane shi. Na shiga ɗaki na ɗauko. Amma Ya Aisa, gidan cike da mata, har da uwar yaron da zai aure ta. A mota ma na sa hannu a jaka, na fasa. Da kika ce ba ku da shi, sai na ce to, ƙila ni ce ban ji daidai ba."

Ba wadda ta dubi wata. Kuka suke yi a hankali, kowacce da nata.

Daga ƙarshen baranda sai ga 'yan suna sun taho dubiya, ɗaya na jijjiga jaririn da ke ta tsala kukan yunwa. Hajja Ammatullahi ta hango uwar saurayin Aminat a cikinsu, ta kai hannu da sauri. Amma Ya Aisa ta riga ta. Ta ja gefen lafayarta ta rufe inhelar, sannan ta ɗago tana amsa sannu.