Bututu Goma Sha Ɗaya

Shekara bakwai Kure yana duba bututan mai na jirgin sama a wata masana'anta a Dubai, bai taɓa buga hatiminsa a kan ƙarya ba. In an gama walda, sai ya zura kowane bututu ta cikin zoben waya mai lantarki. In akwai tsaga, ko wadda ido ba ya gani, koren ɗigon da ke allon na'urar sai ya yi tsalle. Kullum da safe yakan fara da bututun gwaji, wanda aka yi wa tsaga da gangan, siririya kamar gashi. In ɗigon bai motsa ba, na'urar ta kurumce ke nan, babu aiki sai an gyara.

Ranar Talata ɗigon ya yi tsalle a bututu goma sha ɗaya cikin arba'in.

Manaja, wani Balarabe, ya iso yana duban agogo. "Datti ne kawai, habibi. Rage wa na'urar ƙarfi shuwayya, kaɗan kawai. Yalla, gobe kaya za su tafi."

Datti, wai! Kure ya goge su tas, ya sake zurawa har sau uku, ɗigon bai fasa tsalle ba. Ya mayar da hatimi aljihu.

Rabiou, mutumin Maraɗi, wanda Kure ya koya wa aikin da hannunsa, ɗakinsu ma ɗaya a Sonapur, unguwar 'yan ƙwadago, ya ja shi gefe. "Yaya, don Allah ka buga. Bizarka a hannunsu take. Matarka Dinatu da yara fa?"

"Su masu hawa jirgin ba su da yara?"

Washegari takardar sallama ce ta tarbe shi a ƙofa. Kalas, an gama. Da ya shiga kwashe kayansa, sai ga bututan arba'in cif a ɗaure, kowanne da hatimin Rabiou. Zuciyarsa ta yi baƙi. Ya ɗauko bututun gwaji ya zura. Ɗigon ko gezau.

Rabiou ya sunkuyar da kai. "Ni ma ina da iyali, Yaya."

Kure ya kwashi kayansa ya fice.

A jirgin komawa gida, kujerar taga aka ba shi, daidai fiffike, inda bututan mai suke bi. Ya ƙura wa fiffiken ido, gumi na karyo masa. Wata mata a gefensa, da jaririya a cinya, ta yi murmushi.

"Bawan Allah, hawanka na farko ke nan?"

"A'a, Hajiya," in ji Kure, yana kallon jaririyar. "Na san abin da ke ciki ne."