Ranar da Jinin Ya Ɗauke

A gidanmu ƙofar bayi ta fi ƙofar falo jama'a. Tun da likita ya ce jikana yana da kumburin hanji, irin wanda ba ya barin mutum, yaron bai ƙara shiga bayi ya fito a ɓoye ba. Uwarsa na tsaye da buta, ni ina kan kujerata. Tambaya ɗaya ce kullum.

"Angona, akwai jini?"

"Kaka, ke ba ki da aiki ne?"

"Kai ne aikina, mijin da bai iya cefane ba."

Ja muke tsoro. Shekara da shekaru idonmu bai san wani launi ba sai shi.

Sai wata safiya uwarsa ta fito da hawaye tana dariya. "Mama, zo ki gani! Babu ja ko ɗigo. Fari-fari ne kamar farar ƙasa."

Na leƙa, na gani. Ubansa direba ne, aka buga masa waya yana kan hanya, ya tsayar da mota ya yi godiya ga Allah. Muka ce cikin ya wanku.

Yaron kuwa sai susa. Ya sosa hannu, ya sosa tafin ƙafa har fata ta yi sawun farce. Uwarsa ta canja sabulu, ubansa ya fitar da katifa rana. Abinci ma sai ya tsakura ya ture.

Da ranar ganin likita ta zo, surukata, uwar yaron, ta ja ni gefe. "Don Allah Mama, yau ki riƙe bakinki. Kada a je ana zancen bayi gaban mutane."

Na ce to. Amma ni labari mai daɗi ba ya kwana a cikina. Likita yana cikin rubutu na ce, "Likita, a yi mana barka. Bayan gidan angona ya yi fari tas."

Ya ajiye biro.

"Fari? Tun yaushe, Mama? Fitsarinsa fa?"

Uwarsa ta sunkuyar da kai. "Kamar shayi ba madara."

Ya kai yaron bakin taga, ya ɗaga masa fatar ido. A wannan hasken na ga abin da labulen ɗakinmu ya ɓoye: farin idon ya koma ruwan ɗorawa.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Likita ya zaunar da mu ya ce hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta sun ƙuntace. Ruwan nan ne ke ba bayan gida launinsa. Ya ce ba kasafai ciwon hanjin ke jawo haka ga yara ba, amma yakan faru. Bai yi alkawarin warkewa ba. Ya ce za a sa magani, a sa ido, kuma gara da aka zo yanzu.

Muka shiga mota. Surukata ta kamo hannuna ta riƙe har gida.

Na koma kujerata a ƙofar bayi. Kwanaki suka yi ta wucewa, amsa ɗaya: fari. Jiya sai ya fito yana goge hannu a riga.

"Angona, wane launi?"

"Ƙasa-ƙasa, Kaka. Mummuna."

Uwarsa ta ajiye butar, ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska.