Babur ɗin Malamin Lamba

Motar kaya da ta taso daga Kebbe ba ta tsaya a tasha ba, sai da ta shigo har ƙofar gidan Malam Abdulkarimu malamin lamba, mai yi wa yara rigakafin ciwon agana. Mutum huɗu suka sauko da shi a cikin tabarma, rigarsa ta aiki duk jar ƙasa. Armaya'u bakanike, wanda rumfarsa ke jingine da katangar gidan, ya yar da sifana ya rugo. Da ya iso ya kasa duban fuskar maƙwabcinsa. Idonsa na can bayan mota, inda aka kwantar da babur a kan buhuna. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, kuma tun daga sama har cikin birki baƙin mai ne ya cakuɗe da rairayi.

"Gangaren rafin nan na kusa da Fakku na," in ji direban. "Shanu sunka gitta mai. Makiyayin ya ce ya gan shi shina ta matsa birki, abin bai tsaya ba."

Armaya'u ya kama gefen tabarmar aka shiga da Malam.

Shekara goma sha biyu ya yi yana gyaran keke a Tambuwal kafin ya taɓa inji. Da Malam ya sami babur, shekara biyu bayan samun mulkin kai, abokan aikinsa suka ce ya riƙa kai shi Sakkwato wurin waɗanda suka san aikin. Malam ya ce ga maƙwabcinsa nan, wanda ya iya keke zai iya wannan. A jikin babur ɗin nan Armaya'u ya koyi komai, har malaman makaranta da akawuna suka fara kawo masa nasu, yara suka daina ce masa mai faci.

Sati uku kafin haɗarin shokozoban gaba, wato sandunan ƙarfen nan biyu masu sheƙi da ke riƙe da ƙafa, suka fara zubar da mai. Wannan ba abin mamaki ba ne. A bakin kowanne akwai zoben roba da ake kira sil, shi ke tsare man a ciki, kuma rairayin hanyar Kebbe da gargadarta kan cinye shi cikin shekara biyu. Malam ya yo saƙon sababbi daga Sakkwato. Wajen ɓanɓaro tsohon na dama, sukundireba ya goce wa Armaya'u, ya karce ƙarfen, tsawon gaɓar yatsa. Rumfar cike take da masu hira a lokacin, har da wani akawu da ya kawo nasa babur karon farko. Armaya'u ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya ji kaifin karcen, ya san duk dukan da ƙafar za ta yi a rami sai ya yanki robar. Ya sa sabon sil a kai, ya ɗaure, ya ce an gama.

Ana gobe Malam zai yi wannan tafiya, bayan la'asar, ya turo babur ɗin bakin rumfa ya nuna masa wani ɗan danshi a jikin ƙarfen.

"Armaya'u, wanga sabon kwana nawa yaka yi? Ga shi har ya fara gumi."

"Shekara biyu, Malam, in Allah ya so. Wanga sauran man da niz zuba na." Ya sa tsumma ya goge.

"To madalla. Agana ta ɓulla wajen Kebbe, da sassafe nika tafiya."

Ranar da aka kawo Malam, malamin asibitin garin ya zo ya duba shi, ya fito zaure ya ce haƙarƙari uku sun karye, ɗaya ya taɓa ciki, kuma in aka ce a bi da shi hanyar Sakkwato a mota ba zai kai ba. Aka bar shi a turakarsa. Matarsa Marka na yi masa fifita idan ba kowa, in maza sun shigo ta koma bayan labule. Armaya'u ya rufe rumfa. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke juya shi idan kwanciya ta ishe shi. Mutanen unguwa suna ta cewa Allah ya bar zumunci, samun maƙwabci irin wannan sai an tona. Duk wanda ya faɗi haka, Armaya'u sai ya ɗauki tulu ya fita ɗebo ruwa.

Rana ta uku Ɗangiwa, wan Malam, ya iso daga Sanyinna. Bayan gaisuwa ya dubi waɗanda ke zaune a ɗakin.

"Direba ya ce min birki ya ƙi kamawa. Wa yat taɓa babur ɗin ga na ƙarshe?"

Armaya'u ya buɗe baki, amma muryar Malam ta riga shi, ƙasa-ƙasa.

"Birki lafiya lau, Yaya. Ni niy yi gudu."

Ɗangiwa ya girgiza kai ya bar maganar. Armaya'u kuwa ya san Malam bai taɓa gudu ba. Mutumin da ke rage tafiya saboda kaza, masu keke ma kan wuce shi a hanyar kasuwa.

Da aka watse zuwa azahar, Armaya'u ya tsaya. Ya durƙusa a bakin gado.

"Malam, ba sauran mai ba na. Ni nik karce ƙarfen ran da niy yi aikin, na ɓoye maka. Man shi yas sauka cikin birki."

Malam ya daɗe yana neman numfashi.

"Na gani," ya ce. "Ina zaune lokacin da hannunka yag goce."

"Ka gani? To don mi ba ka ce komi ba?"

"Gaban mutane? Na ce in sun tashi za ka faɗa min. Da ba ka faɗa ba, na ce ƙila abin bai kai ba, kai ka san aikinka." Ya lumshe ido. "Ni ma kunyarka nij ji. Da na yi magana."

Armaya'u ya kifa goshinsa a jikin gadon yana kuka ba sauti. Ya ce a yafe masa. Malam ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa, sannan ya nuna jakarsa ta aiki da ke rataye a ƙusa. Ya ce akwai takarda a ciki, ƙauye huɗu ne suka rage ba a yi wa yaransu lamba ba, a kai wa malamin asibiti yau ɗin nan don a tura wani. Armaya'u ya kai da ƙafarsa, cikin ranar nan mai ƙuna, ya tsaya har aka rubuta sunayen.

Malam Abdulkarimu ya cika ranar Juma'a da hantsi, Armaya'u na riƙe da kansa. Aka yi masa sutura kafin a tafi masallaci. A hanyar dawowa daga maƙabarta sau biyu Armaya'u ya matsa kusa da Ɗangiwa da niyyar magana, sau biyu wani ya shiga tsakani da ta'aziyya, shi kuma bai sake matsawa ba.

Bayan sadakar bakwai Ɗangiwa ya same shi a rumfa, ɗauke da abu a ƙunshe cikin zane. Ya ce daga Marka ne, marigayi ya bar wasiyya tun ran Alhamis a ba maƙwabcinsa. Ya ɗora masa a cinya, ya yi masa godiyar ɗawainiya, ya tafi neman motar Sanyinna.

Armaya'u ya buɗe gefen zanen da bayan hannu. Farar babbar riga ce, wadda Malam ke zuwa Idi da ita, a ninke, da ƙanshin turarensa a jiki. Ladan ya kira la'asar, masu wucewa suna yi masa sallama yana amsawa. Yana nan zaune a kan benci, rigar a cinyarsa, ya ɗage hannuwansa biyu gefe don kada su taɓa ta.