Matakai Goma na Baba Malam

"Rubuta, 'yar nan, kada ki tsallake ko ɗaya," in ji Baba Malam, maƙwabcinmu, tsohon malamin lissafi. Kwana tara ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, ba don ya warke ba. Na bar keken ɗinkina na zo na zauna bakin gadonsa da biro da takarda.

"Na ɗaya, a ɗaga labule kafin a gaishe ta. Ba ta gani, amma tana jin ɗumin rana."

Shekara shida ke nan da idon Inna, matarsa, ya rufe. Shi ne idonta. Abin da ke cinsa ke nan fiye da ciwon: wa zai san yadda ake bi da ita?

"Kin san sunan wannan abin da muke yi? Algoridim."

Dariya ta ƙwace min. "Haba Baba! Wannan mugun da ke ɓoye hotunan ɗinkina a waya? Ni na ɗauka aljani ne."

"Gidanku da aljani! Sunan mutum ne. Wani masanin lissafi na zamanin da, ana kiransa da sunan garinsu. Turawa suka karanta littafinsa, harshensu ya karya sunan. Ma'anar kawai, yi wannan, sannan wannan, har aiki ya kammala, ko da mai aikin ba ya nan."

Yana faɗin kalmar ƙarshe ya kawar da kai. Ni ma na kasa ɗagowa.

Muna kan na huɗu, na shayinta da sukari cokali biyu, sai daga falo Inna ta ce, "Ina jinku fa. Sukari cokali biyu kai ne mai so, ni ɗaya ya ishe ni."

"Shekara shida ba ki faɗa ba?"

"Ka tambaya?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Gyara na huɗu."

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Na yi kuka sosai, amma wallahi godiyata ta fi kukan yawa, da ya zama ni ya kira, ya kuma bar min hanya a rubuce.

Takardar na liƙe a bayan ƙofarsu. Yau da safe na shiga ban ce uffan ba, na ɗaga labule. Inna ta juya fuskarta wajen taga, ta daɗe a haka.

"Kin makara kaɗan," ta ce. "Shi ma haka yake yi."