Mai Inji Ta Tare Lungu

Dutsen farko ta taga ya shigo, ya faɗa cikin tukunyar da matar Masunci take wankewa. Kafin ta ɗago kai, na biyu ya sauka a kan kwanon rufi kamar an saki guduma. Ta fizgi 'yarta, ta cusa ta ƙarƙashin gado, ta ce ko tari ta yi sai ta ci ubanta.

"Sun iso," in ji mijinta. Yana tsaye a bayan ƙofa riƙe da wuƙar gyaran kifi, wuƙar da rabonta da kifi tun kafin tafkinsu ya ƙafe.

Su baƙi ne a nan. Tafkin da ya ci da kakanninsu can tsallaken iyaka ya yi ta ja da baya, har kwale-kwale suka kwanta a kan busasshiyar laka kamar mushen shanu. Ƙasashe ukun da ke bakin tafkin suka zauna suka kafa hukumar haɗin gwiwa, aka ce kowace ƙasa ta ɗauki rabonta na mutane. Hukumar ce ta gina wannan unguwa, gidaje a jere, bango ɗaya tsakanin gida da gida: wannan na ɗan gari da ambaliya ta cinye wa muhalli, na kusa da shi na baƙo, wai don a saba da juna. Matar Masunci ta sha faɗa cewa wanda ya tsara haka bai taɓa zama da Mai Inji ba.

Mai Inji ita ce maƙwabciyarsu, 'yar gari, tsohuwa gajera kakkaura, ba miji ba ɗa, sai injin niƙa a rumfar ƙofar gida. Ƙarar injin ta cinye mata kunne ɗaya, don haka ko gaisuwa za ta yi sai ka ɗauka faɗa ne. Da baƙin kuwa faɗan ne.

"Ke 'yar ruwa! Kwatarki ta sake shigo min rumfa. Kun shanye tafkinku, yanzu ni za ku nutsar?"

"Iya, gangare ne, ba ni na gina ba."

"Gangaren ubanki."

Haka suke kullum. In matar Masunci ta kai niƙa, nata ne na ƙarshe ko da ita ta fara zuwa.

Yau da safe masu awon hukuma suka kafa turaku a gonakin 'yan gari, inda za a gina wa wasu baƙin gidaje. Ba wanda ya tuntuɓi manoma. Samari suka tuttuge turakun, masu gadin hukuma suka yi harbi, ɗan wani makanike ya faɗi, bai tashi ba. Abin da ya kawo taron da ke bakin lungu ke nan.

Matar Masunci ta kara ido a tsagar ƙofa. Gidan farko ya riga ya kama, hayaƙi baƙi yana murɗawa. Ta ga an jawo maigidan, wani baƙo mai sayar da gawayi, ana jan sa ta ƙafa, kansa yana dukan ƙasa. Gora ta sauka a bayansa, ta sake sauka, har ya daina kare fuska. Matarsa ta fito da ihu, aka make ta da gefen adda, ta kife cikin kwata. Gida biyu ya rage a iso nasu.

Sai ƙofar maƙwabciya ta buɗe da ƙarfi. Mai Inji ta fito, kanta ba ɗankwali, gari har gira, a hannunta ƙarfen da take murza inji da shi. Ta tsaya a tsakiyar lungun ta raba ƙafafu. Lungun ƙunci gare shi, ita kuwa ba siririya ba ce.

"Wane ɗan iskan ne ya jefi kwanona?"

Na gaban taron Mai Faci ne, ɗan ƙanenta, da tsinken taya, ƙarfen da yake faci da shi, a hannu. Ya ce, "Goggo, kauce. Ba da ke muke ba."

"Me ka ce? Ɗaga murya, ai ka iya ihu!"

"Na ce ki kauce! Baƙi muke nema!"

"Bangona da nasu ɗaya ne, sakarai. In ka cinna musu, wutar za ta tsaya ta tambayi wane ne ɗan gari?"

"Sun kashe mana yaro, Goggo."

"Su wa? Wannan ragon da ke bayan ƙofa, da ko kaza aka ba shi sai ya nemi mai yanka? Masu bindiga suna can ofishin hukuma. Ku je mana, in kun cika maza. Kai, ɗan mai shayi, har da kai? Jiya uwarka take gaya min har yanzu kana fitsarin kwance."

Wasu suka yi dariya ba su shirya ba, sanduna suka ɗan yi ƙasa. Da duk taron 'yan unguwa ne, da ƙila a nan abin ya tsaya.

Amma akwai wani dogo da ba a san shi a nan ba, shi ma bai san ta ba. Ya ratso mutane da jarkar fetur a buɗe, ya bangaje ta da kafaɗa zai wuce. Mai Inji ta ɗaga ƙarfen ta sauke masa a wuyan hannu. Har cikin ɗaki aka ji ƙarar ƙashin. Jarkar ta kife, fetur ya wanke mata zane, ya malala cikin rumfa. Wani daga baya ya ɗauki rabin bulo ya maka mata a ƙeya. Ta durƙusa, ba ta saki ƙarfen ba. Sai wani tsumma mai ci da wuta ya faɗo, ba wanda ya ga hannun da ya jefo shi.

Wutar ta tashi gaba ɗaya, da ita da rumfar.

Matar Masunci ba ta san sa'ad da ta yaye bargo daga gado ta juye masa ruwan tukunya ba. Mijin ya yar da wuƙa, ya fizgi bargon, ya fita. Gora ta same shi a baki, adda ta tsaga masa kafaɗa, bai tsaya ba sai da ya faɗa kan tsohuwar ya naɗe ta, suka yi ta birgima a ƙasa. Mai Faci yana ihu, "Goggona ce! Ku bari! Goggona ce!" yana dukan duk wanda ya samu da tsinken taya. Warin ƙonannen gashi ya cika lungu. Taron ya fara ja da baya, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa, daga nan sai gudu.

Ba motar kai tsohuwar asibiti, an rufe titi. Gidanta kuwa yana ci da wuta. Ɗakin baƙin aka shigar da ita, aka kwantar a kan tabarma. Matar Masunci ta sa almakashi tana yanke zanen, inda ya manne da fata ta bar shi. Jini yana bin kunnen tsohuwar yana ɗiga.

Can ta buɗe ido ɗaya. "Ina ne nan?"

"Ɗakinmu ne, Iya."

"Shi ya sa nake jin ƙarni."

Matar Masunci ta yi dariya, hawaye yana shiga mata baki. Ta tallafo kanta ta ba ta ruwa a cokali.

"Ina yarinyar?"

"Ga ta nan, lafiyarta lau."

"Ki riƙa yi mata kitso. Kullum kai kamar sheƙar ungulu, ana cewa maƙwabtana ne."

"To, Iya."

Mai Faci ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka, yana roƙon ta yafe masa. Tsohuwar ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ku ce ya je ya kashe wutar da ya kawo." Ya tashi ya tafi neman bokiti. Kafin ya dawo, hannunta ya saki hannun matar Masunci. Rana ba ta kai ga faɗuwa ba.

Washegari, bayan an kai ta, fararen motoci suka shigo unguwar. Wakilan ƙasashen uku suka fito da tafinta, suna tsallake toka da fasassun kwalabe. Suka ce an dakatar da awon gonaki, za a zauna da manoma kafin a sake kafa ko turke ɗaya. Suka ce marigayiyar ta ba da ranta don zaman lafiyar yanki. Matar Masunci ta ce a ranta, Allah Ya so ku ba ta ji ba.

Tafintan ya juyo gare ta. "Suna tambaya, ƙawarki ce?"

Ta ce, "Maƙwabciyata ce."

Da yamma tana zaune a bakin ƙofa, kan 'yarta a cinyarta, sai kajin tsohuwar suka dawo daga kiwo. Suka nufi ƙofar da suka saba, suka tarar da gawayi da kwano a lanƙwashe. Suka tsaya cirko-cirko, suna karkata kai. Matar Masunci ta miƙa hannu ta tura tata ƙofar, ta janye ƙafafunta daga hanya.